Sashe na Goma Sha Huɗu da Batirin Baba Sikeli

Daga:
'Yar Baba Sikeli, mai buga takardu,
A madadin mahaifinta, tsohon Akawun Awo mai ritaya,
Gida na uku bayan tankin ruwa.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ofishin Karɓa da Sakin Kaya,
Ta hannun Akawun Awo na yanzu.

Litinin, 14 ga Yuli, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TSARE KAYA MAI LAMBA 0612, WATO BATIRIN AJIYAR WUTA GUDA ƊAYA, HAR KWANA CASA'IN DA BAKWAI BA TARE DA YA YI LAIFIN KOMAI BA

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da addu'ar Allah Ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da juriyar aiki, ina neman izinin gabatar da kukan mahaifina, wanda daga nan zan riƙa kira mai ƙorafi, ko da yake bai yarda da wannan suna ba. A cewarsa, ma'aikaci ba ya ƙorafi, sai dai ya jawo hankali. Yallaɓai bai tarar da shi a ofis ba, amma tsofaffin ma'aikata sun san shi. Shi ne ya yi shekara talatin da ɗaya a bayan sikelin nan na kusa da taga, har sunansa na yanka ya ɓace, aka koma kiransa Baba Sikeli.

Ga yadda al'amarin yake:

1. A ranar 3 ga Maris, 2023, mai ƙorafi ya shiga wani karo-karo na intanet. Yadda ake yi shi ne, wasu maƙera a wata ƙasa su nuna hoton abin da suke son ƙerawa, jama'a daga ko'ina su tara musu kuɗi, in an ƙera a aiko wa kowa nasa. Wato mutum ya sayi abin da babu shi tukuna. Abin da za a ƙera a nan batirin ajiyar wuta ne, irin wanda ake kira fawa-banki, amma mai ƙarfin da zai tashi kwamfutar tafi-da-gidanka, ba irin na kasuwa da waya kaɗai suke iya ɗauka ba. Mai ƙorafi mutum ne da ko albasa ba ya saye sai ya jinjina ta a tafin hannu. Kwana uku ya yi yana kiran tsarin da sunan hauka tuburan. A rana ta huɗu ya sa hularsa ta zuwa aiki, ya zauna gabana, ya ce in sa shi a layi. Ya zama mai tallafi na 4,117, ya kuma rubuta lambar a bangon littafinsa.

2. Wajibi ne in bayyana abin da ya sa mutum irinsa ya yi haka, ko da yake ya so a tsallake wannan sakin layi. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana fama da ciwon mantuwa. Yayana, ɗansu na fari, ya rasu a hatsarin mota shekara huɗu da suka wuce. Abin da ya rage mana na motsinsa shi ne faifan bidiyo guda na bikin yaye ɗalibai, wanda tsohuwar kwamfutarsa kaɗai ke iya karantawa. A faifan ana kiran ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ana kiransa a minti na hamsin da biyu. Batirin kwamfutar minti goma sha ɗaya yake ɗauka, an kuma daina yin irinsa. Wutar layinmu da wuya ta cika minti ashirin ba a ɗauke ba, ƙarar janareto kuwa firgita Inna take yi har ta shige bayan ƙofa.

Na san Yallaɓai zai ce a tura faifan gaba mana. Mun gwada. Inna ta rufe kwamfutar da hannunta, ta ce yaron nan bai taɓa tsallake layi ba, ba kuwa za a fara sa shi yau ba. Matar Akawun Awo ce, ranka ya daɗe, shekara arba'in da shida. Don haka kullum bayan la'asar takan gyara zama, ta tafa wa 'ya'yan mutane ɗaya bayan ɗaya, allo ya mutu, ta ce to, gobe za su kira shi.

3. Masu ƙira sun yi alkawarin wata shida, sun yi wata ashirin da biyar. A tsakani sun aiko da saƙonnin bayani guda arba'in da uku. Sau ɗaya masana'anta ta yi murfi a juye. Sau ɗaya jirgin ruwa ya tafi ya bar kayan. Akwai saƙon da bai ƙunshi komai ba sai hoton kyanwar shugaban kamfani tana barci a kan kwali. Mai ƙorafi ya sa na buga kowanne a takarda, ya buɗe musu fayil, ya kuma amsa duka arba'in da ukun da wasiƙar shaidar karɓa, har da ta kyanwar, inda ya yi mata fatan lafiya. Da aka nemi masu tallafi su zaɓi ƙarin da za a yi wa batirin, tsakanin fitila da farantin sola mai cajinsa da hasken rana, sai da ya kwana biyu yana nazari kafin ya zaɓi sola, ya kuma haɗa da dalilai bakwai. Ina roƙon Yallaɓai ya riƙe wannan zaɓi a zuciya, domin shi ne ya ja mana.

4. A ranar 8 ga Afrilu, 2025, kaya ya iso ofishinku. Mai ƙorafi ya yi wanka, ya goge takalmi, ya bi layi duk da ma'aikata sun yi ta kiransa ya zo gaba. A nan muka tarar ofis ya yi wata takwas ba wuta, taransifoma ta ƙone, janareto ya bi sahunta, kwamfutar rajista kuwa batirinta ya fi namu mutuwa, ko minti ɗaya ba ya riƙewa. Kayan jama'a sun taru har rufi, domin ba a sakin kaya sai an shigar da nauyinsa a kwamfuta. Akawun Awo na yanzu, wanda mai ƙorafi ne ya koya masa riƙe biro, ya buɗe kwalinmu don dubawa kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Ya ga batiri. Ya dubi kwamfuta. Ya ce bari a gwada a ga ko yana aiki.

Yana aiki, ranka ya daɗe. Wannan shi ne matsalar.

5. Sashe na Goma Sha Huɗu na Littafin Ƙa'idojin ofishinku ya ce ba za a saki kaya ba sai an shigar da nauyinsa a rajista a daidai lokacin da yake kan sikeli, shi kaɗai, "babu igiya, babu zare, babu waya a jikinsa." Ya kuma hana rubuta nauyi a wata takarda don a shigar daga baya. To, in an ɗora batirin a sikeli da wayarsa a jiki, an karya sashe. In an zare wayar, kwamfuta ta mutu kafin yatsa ya kai ga lamba. An gwada sau tara a gabanmu. An nemo wadda ta fi kowa saurin hannu a ofis, wata mai tattara fayil, aka tsayar da ita da yatsa a sama, maigadi ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, aka zare. Lamba ɗaya ta samu shiga, ita ma ba daidai ba.

6. Abin da ya fi ci mini rai in rubuta shi ne, mai ƙorafi ne ya tsara Sashe na Goma Sha Huɗu da hannunsa, shekara ashirin da shida da suka wuce, bayan ya kama wani ma'aikaci yana rage nauyin kaya da zaren da ya ɗaura a babban yatsan ƙafarsa. An ba shi takardar yabo a kai, tana nan a falonmu cikin gilashi. Ranar da Akawun Awo ya tausaya, ya rage murya ya ce a rubuta nauyin a tafin hannu kawai a wuce wurin, ba kowa ya hana ba sai mai ƙorafi. Ya ce tafin hannu ma takarda ce in an yi rubutu a kai, ya kuma tambayi Akawu ko haka ya koya masa aiki. Na dawo gida ban yi masa magana ba har kwana biyu, Allah Ya yafe mini.

7. Mun kawo shawarwari. Na ce zan ari janareto na minti biyar, aka ce ba a shigo da injin waje harabar ofis sai da izinin hedikwata, izinin kuma ta kwamfuta ake nema, layinsa ya kai wata huɗu. Na ce a auna batirin da wayarsa, a auna wayar daban, a debe, aka ce sashe bai ambaci debewa ba, mai ƙorafi kuma ya gyaɗa kai, ya ce lallai bai ambata ba. Na ce a ajiye sashen a gefe na rana ɗaya, kowa ya juya ya dubi wanda ya rubuta shi, shi kuma ya dubi rufi.

8. A halin da ake ciki, kaya mai lamba 0612 yana rubuce a matsayin wanda ake kan gwadawa. Kowace safiya maigadi yakan fitar da shi bakin taga ya sha rana, albarkacin farantin solar da mai ƙorafi ya zaɓa da dalilai bakwai, sannan a mayar da shi bakin aiki. Da ƙarfinsa an saki kaya dubu ɗaya da ɗari biyu da sha ɗaya. An saki keken ɗinki, an saki tayoyi, an saki wani ƙaton madubi da ya shekara yana kallon bango. A watan Yuni hedikwata ta yaba wa ofishinku kan saurin aiki. An ɗinka wa batirin riga don kada ƙura ta taɓa shi, ma'aikata na kiransa Oga, na kuma ji da kunnena ana yi masa sannu da aiki. Kowa ya fita ta dalilinsa, shi kaɗai ne ba shi da hanyar fita.

Mai ƙorafi yakan je duk ranar Laraba ya duba shi. Ba ya taɓa shi, domin ba a sake shi ba. Yakan tsaya a bayan kanta, ya ga 'yan fitilunsa huɗu masu nuna caji suna ci, ya tambaya ko yana zafi, ya dawo gida ya rubuta ziyarar a fayil.

9. A ranar 6 ga Yuli, Inna ta dubi mai ƙorafi da ya kawo mata shayi, ta gyara mayafi, ta tambaye shi cikin ladabi ko wa yake nema a gidan. Ya ce mata ya zo duba mita ne, ya ajiye kofin ya fita. Likita ya ce abin ba ya komawa baya, sai dai gaba. Har yanzu in faifan ya fara tana sanin wanda take jira, amma ba mu san ko saura mako nawa ba. Rabon da wuta ta kai Inna minti na hamsin da biyu tun watan Nuwamba. Ba na jin kunyar faɗa wa Yallaɓai cewa tsoro nake ji.

Saboda haka, cikin ƙasƙantar da kai, muna roƙon ɗaya daga cikin biyu:

Na farko, Yallaɓai ya yi amfani da ikonsa ya soke Sashe na Goma Sha Huɗu, ko ya dakatar da shi na tsawon lokacin da ake buƙata a rubuta lamba uku, a saki kayan ga mai shi.

Na biyu, in hakan ya gagara, Sashe na Tara ya ba mai kaya damar a yi gwaji a gabansa. Muna roƙon a ba mu sa'a ɗaya a ranar da Yallaɓai ya ga dama. Inna ba ta yarda ta fita ko'ina yanzu, amma ta san hanyar ofishinku, domin shekara talatin da ɗaya tana kawo abincin rana bakin tagar nan. Za mu zo da kwamfutarmu da faifanmu, mu zauna a benci, ba za mu tsallake kowa ba.

Ina sanar da Yallaɓai cewa mai ƙorafi ya karanta wannan takarda da jan biro kafin in buga ta a karo na ƙarshe. Ya gyara waƙafi biyu, ya mayar da kwana casa'in da shida zuwa casa'in da bakwai, ya ce batun kyanwa bai dace da takardar hukuma ba amma gaskiya ne, a bar shi. Da ya iso roƙo na farko ya ɗora bakin biro a kai, na kuma sakankance zai soke shi. Ya daɗe a haka. A ɗaki Inna tana tafa wa 'ya'yan mutane. Bai soke ba, sai ya ce in bar masa layi biyu a ƙasan sa hannuna.

Allah Ya ja zamanin Yallaɓai, Ya ba shi ikon duba wannan kuka da idon rahama.

Taka mai biyayya,
'Yar Baba Sikeli,
Mai buga takardu.

Da hannun mai ƙorafi:
Ni na rubuta Sashe na Goma Sha Huɗu, ni kuma nake roƙon a karya shi. A karɓi takardar yabon in ana so, ranka ya daɗe, a bar matata ta ga an kira yaron.

Baba Sikeli,
Tsohon Akawun Awo,
Mai tallafi na 4,117.