Abin da Ya Hana Ni Cin Naman Kirsimeti

Kafanchan,
9 ga Janairu.

Mamana ƙaunatacciya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar taki, yaya aikin citta? Matata Doreen da yara suna gaishe ki.

Ƙanwata Damaris ta zo jiya, ta faɗa mini abin da kika ɓoye. Ta ce tun Kirsimeti kin daina zuwa zumuntar mata, domin ana ta cewa na ture naman aladen da kika soya mini ne saboda ina zargin ke kika sa mini ciwon fatar nan. Mama, laifina ne, ni na yi shiru.

Ga gaskiyar magana. A watan Nuwamba na je asibiti saboda ɓawon da ke fita a kaina da gwiwar hannuna. Likita ta ce ba kuturta ba ce, kuma babu hannun kowa a ciki. Sunansa soriyasis, yakan bi dangi. Sai ta sa aka auna jinina, aka tarar maiƙo ya yi yawa a ciki. Ta ce masu irin wannan fata sukan gamu da haka, in an ƙyale shi kuwa yana iya toshe hanyoyin jinin zuciya. Ta ba ni magani, ta hana ni kitse da soye-soye.

Tana bayani, ni kuwa Baba nake gani. Kin tuna yadda yake sosa hannunsa har ya yi fari, da yadda ya faɗi a gona ya rasu, bai yi jinyar ko kwana ɗaya ba. Ban sani ba ko abu ɗaya ne, likitar ma ta ce ba za ta iya tabbatarwa ba. Amma na ji tsoro in gaya miki, ki soma kallona kamar mai shirin bin sa. Shi ya sa na ce na ƙoshi. Ban tuna da bakin mutane ba.

Ki gafarta mini. Ina shan maganin, wajen aiki ma da ƙafa nake zuwa yanzu.

Zan zo ranar Lahadi mu shiga sujada tare. In an tashi, ki dafa acca da miyar ganye, manja kaɗan. Kada ki kai mini ɗaki. A ƙofar gida zan zauna in ci, har in nemi ƙari.

Ubangiji ya kiyaye ki.

Ɗanki,
Azariya