Zauren Baba Daga Bakin Murhu

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Yaya Ba'ana ya yanke magana. Za a rushe zauren gidanmu na Gwange ranar Asabar ta sama, kafin ruwan farko ya sauka. Tun ambaliyar bara bangon ya tsage, har hannu yana shiga. Ya ce ko mu kayar da shi, ko ya faɗa kan yaran unguwa. Gaskiya ya faɗa. Amma na tashi na bar masa shayin. A zauren nan Baba ya yi wankin hula har Allah ya karɓi abinsa.

Laraba, 7 ga Mayu

Situdiyo, Bulumkutu. Oga Thomas, mai wurin, ya ba ni kiɗan wani wasan rediyo kan ambaliyar. Ba makaɗi ko ɗaya, duk a cikin kwamfuta suke: ƙananan goge, sarewa, ƙaho, da celo, babban gogen nan mai muryar dattijo. Na jera su da abin da ake kira fanin, wato wannan kunnen hagu, wancan na dama. Ya saurara ya ce, "Mikail, ka shanya su kan igiya ɗaya kamar kayan wanki. Ina na gaba, ina na baya?"

Sai ya nuna mini abin da suke kira kwanbolushan. Wani ne zai shiga babban ɗaki ya yi ƙara ɗaya, tas, ya naɗi yadda bango ya maido masa da ita. Daga nan duk sautin da ka ba kwamfuta, sai ta sa masa rigar ɗakin. Fanin ya faɗi gefen da makaɗi yake, amsa-kuwwa ta faɗi nisansa. Ka ƙara ta, ka rage sautin asali, sai ya ja baya.

Na ce kowane ɗaki? Ya ce, "Ko makewayinku." Ya yi dariya. Ni zauren Baba ne ya faɗo mini a rai.

Alhamis, 8 ga Mayu

Baba ba ya waƙa. Wani abu yake rerawa a maƙogwaro, baki rufe, in yana goge hula. Celo in ta sauka ƙasa-ƙasa, shi ke nan.

Asabar, 10 ga Mayu

Na ari rakodar Oga mai kunne biyu na tafi Gwange. Layin da ruwa ya bari a bango yana daidai ƙirjina. Na ajiye ta a bakin ƙofar titi, inda masu kawo hula ke zama. Katakan da Baba ke ɗora hula a kai suna nan a lungu, laka ta bushe a jikinsu. Na ɗauki biyu na gwara su: a wurin zamansa, sannan ɗaya gefen, sannan can ƙurya. Haƙuri kawai aikin ke so. Ka ɗaga hannu, keke napep ya wuce. Ka sake, akuya ta sa baki.

Yaya ya kira sau biyu. Ban ɗauka ba.

Talata, 13 ga Mayu

Na zaunar da kayan kiɗan a zauren da na naɗo. Celo a dama, kusa, inda Baba yake in ka shigo. Goge a hagu, baya kaɗan. Sarewa can ƙurya. Da farko sun cakuɗe, don na jefa su duka cikin amsa-kuwwa ɗaya. Da na ba kowa ta wurinsa, sai kowa ya zauna. Oga Thomas ya cire abin kunne ya ce, "Wannan ɗakin ƙasa ne, ko? Ba ya ihu kamar siminti." Ya ce in bar shi haka a wasan.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na kai wa Mama kiɗan a Bolori, gidan ƙanwarta inda take zaune tun ruwan. Ba mai son kiɗa ba ce, amma ta yarda na sa mata abin kunne a kan ɗankwali. Ta ji har ƙarshe. Ta ce, "Da daɗi. Zauren wa ne?"

Na ce namu.

"A'a."

Na fara bayani, ta ɗaga hannu. Ta ce da yaren Kanuri, wai tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa zama a zaure ba, wucewa kawai take yi, wurin maza ne. Ita daga bakin murhu take jin Baba, ta ƙofar ciki, a kunnen hagu, muryar ta zagayo bango ta iso a gajiye. "In ya yi shiru, baƙo ya shigo. In ya ɗaga, yunwa yake ji. Wannan naka ya matso mini kamar mai neman faɗa."

Ashe zauren baƙi na naɗa. Nata ban taɓa shi ba, kuma jibi za a kayar.

Dole mutum biyu: ɗaya ya buga a zaure, ɗaya ya tsare rakoda a bakin murhu. Oga Thomas ya tafi Biu. Na yi ta lissafa mutane, alhali na san wa ya rage.

Juma'a, 16 ga Mayu

Bayan masallaci na same shi a shagonsa. Na ce, "Yaya, aron hannunka nake so." Ya ce, "Hannu kawai? Bakin naka fa, ka karɓo shi daga gyara?" Amma ya rufe shago.

Ban nuna masa wuri ba. Ya je ya zauna daidai, har naɗe ƙafa ɗaya irin ta Baba. Ni ina bakin murhun da ya zama tudun laka, ba na ganinsa. Bugun farko sanyi-sanyi. Na ɗaga murya na ce ya buga kamar mai jin haushina. Tas. Na ji ta biyo ƙofar ciki, ta zagayo bango, ta iso kunnen hagu ba kaifi.

Bai sake bugawa ba. Rakodar nan ba ta da kunya, komai ɗauka take yi. Na ji yana jan hanci. Na yanke wurin, ban gaya masa ba.

Asabar, 17 ga Mayu

An kayar. Kafin azahar an gama. Na je. Ni na fitar da katakan.

Litinin, 19 ga Mayu

Celo ta koma hagu. Na rage sautinta na asali har kusan babu, na bar abin da bango ya maido. Goge da sarewa na tura su can nesa, kamar hayaniyar titi.

Mama ta sa abin kunne da kanta. Ana cikin tafiya sai na ga kanta ya karkata hagu, a hankali, kamar yadda take yi in tana tuƙa tuwo. Da celo ta ɗaga, ta ce, ba da ni take ba, "To, ga shi nan zuwa." Sai ta farga, ta ja bakin mayafi. Ta ce in sake sa mata.

Ƙanwarta Ruƙayyatu ta tambaya me ake ji haka. Mama ta ce, "Ba komai. Gida ne."

Da yamma Yaya ya kira, wai ina nake ganin za a sa ƙofar ciki a sabon ginin. Na ce ya bar ta inda take. Gobe za a kawo bulo, na ce zan leƙa in taya saukewa. Don dai aiki ya yi sauƙi a situdiyo ne.