Kofin da Baba Ya Hura

Yaya Sirkka,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Lafiya lau nake a nan Suwidin, sai dai masaƙarmu ta rage ma'aikata, har da ni. Kada Inna ta ji.

Jiya na kai wa dillali tsofaffin kofunan gilashin ƙasarmu Finland da na daɗe ina tarawa. Ya kwashe duka, ban da shuɗin da marigayi Baba ya ƙera mini da hura narkakken gilashi da bakinsa a masana'antarsu lokacin hutun shan gahawa. Ya duba gindinsa, ya taɓe baki: "Babu sa hannun maƙeri, ga ɗigon iska ya maƙale a ciki."

Na karɓe abina. Ina zai san numfashin Baba ne, kuma iyakar wanda ya rage mana?

Ki kunna kyandir a kabarinsa a madadina.

Ƙanwarki,
Tuulikki