Muryar Dogo a Wayar Mai Aski

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Dogo, ya haskaka kabarinsa. Mu nan da sauƙi. Ciwon gwiwar Inna ya lafa, sai dai har yanzu in tana rabon abinci takan zuba har da kwanonsa, sai ta tuna ta juye. Ni kuwa ana ta cewa na shiryu, wai tun rasuwar ban ɓoye takalmin kowa ba. Ba shiriya ba ce, Yaya, mai bi na da gudu ne ba ya nan.

Saƙonki ya iso, cewa kin ji an samu muryar Dogo a waya, in turo miki. An samu ɗin, amma tsaya ki ji yadda aka yi. Kin san dokar ƙanin naki: ba a ɗaukar wasansa. Duk zauren da zai yi waƙa, ni ke tsayawa a bakin ƙofa da kwali ina karɓe wayoyi. Yakan ce shi fuska yake yi wa waƙa, ba ƙeyar waya ba. Kuma kin san halinsa, sai ya hango mutum a cikin taro ya saka damuwarsa a baiti, wanda aka sallama daga aiki, wadda ta yi ɓari. Ya ce irin wannan amanar mutanen ɗakin ce, waƙa ta wanda ya zo ce.

To bayan 'yan gaisuwa sun ja baya, sai ga mai askin nan na kusa da tasha, wanda ke gyara wa Dogo gemu. Ya zauna a bakin tabarma yana ta gumi, ya ajiye waya a gaban Amarya, matar marigayi. Ya ce ranar wasan ƙarshe matacciyar waya ya jefa mini a kwali, mai ran tana aljihun gaban rigarsa tana ɗauka. Ni da na fitini unguwa da wayo, ashe an yi mini aski ba ruwa ban sani ba! Ya rantse bai taɓa ba kowa ba, shi kaɗai yake ji in yana share gashi bayan ya tashi aiki. Ya ce ya san ya ci amana, kuma wanda zai yafe masa ya riga ya tafi, don haka Amarya ta yanke: a goge ko a bari.

Kawu ya ce a goge nan take. Ya ce abin da aka ɗauka ba da yardar mai shi ba, mutuwarsa ba ta halatta shi. Ni ma bayansa na bi, amma tsakani da Allah haushin matacciyar wayar nan ne ke ci na. Inna kuwa bakin zanenta kawai take murzawa. Sai Amarya ta ce a kunna kaɗan, ta tabbatar ko shi ne. Da farko ba a jin komai sai gugar riga da tarin mai aski. Can sai ga gyaran muryar nan tasa. Yaya, 'Yar Lele, ɗiyar marigayi, tana zaune da kofinta, yarinyar da ko magana ba ta gama iyawa ba. Ta saki kofin, ta tafi tangal-tangal ta ɗaga labulen ɗakinsa tana kiran Abba. Da ba ta gan shi ba ta leƙa bayan ƙofa, inda yake laɓe mata. Kawu ya miƙe ya fita ba takalmi, kuma wallahi wannan karon ba ni na ɓoye ba.

Kaɗan aka ce a kunna, amma sai da muka ji ta duka. Wajen ƙarshe akwai baitinki. Ya yi waƙar yayarsa da ta goya shi har bayanta ya yi kanta, nisa ya cinye ta, ya ce duk wasa yana bar mata kujera a sahun gaba. Ni na san kujerar, don ni nake korar mutane daga kanta.

Ga abin da Amarya ta yanke. Ta ce ba za ta hana marainiya muryar ubanta ba, ba kuma za ta tozarta maganar mijinta ba. Aka juye waƙar a katin memori ɗaya tak, ta kulle a akwatinta. Mai aski ya goge tasa a gabanmu. Ta ce masa ta yafe nata haƙƙin, na marigayi kuma ya riƙa biya da addu'a, in kewa ta dame shi ya yi sallama a shimfiɗa masa tabarma ya saurara. Amma waƙar ba za ta shiga wayar kowa ba, don akwai asirin mutane a ciki, kuma magana zarar bunu ce.

Saboda haka ki yi haƙuri, Yaya, ba zan turo ba. Na san za ki ce Auta ya soma tsiyar tasa. Da ma tsokana ce, da na fi kowa murna. Dokar Dogo ce ta biyo ki har can: waƙa ta wanda ya zo ce. Ki zo. Kujerar tana ɗakin Inna, ban bar kowa ya zauna ba.

Inna tana sa miki albarka, Amarya da Kawu suna gaishe ki. Ki gaida maigida, ki ja mini kunnen 'yan biyu, ki ce saƙon kawunsu ne. Allah ya sada mu da alheri.

Naki ƙani,
Auta