Yaya Auwalu da Sirdin Keke

Laraba, bayan isha'i

Yau haushin Yaya Auwalu nake ji. Ya sake ɗaga sirdin kekenmu mai giya, alhali ya san ni ke kai wa Baba abinci gonar tumatir. Ƙafata ba ta kai feda sosai, a bakin kanal na kife, miya ta zube. A littattafaina da wani kyakkyawa ne zai miƙo hannu. Ni dariyar 'yan kwadago na samu.

Da na yi magana sai ya ce, "Ke gajeruwa, ki yi tsawo mana."

Na ari sifana na sauke sirdin daidai ƙuguna, na naɗe shi da ɗankwalina ruwan hoda mai fulawa, na ɗinke tamau. In ya isa, gobe ya hau zuwa majalisarsu.