Batir a Ƙarƙashin Gadon Iya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, tsoro ya hana ni sukuni.

Ni haifaffiyar Hausari ce a nan Maiduguri. A shekarun casa'in, ina ƙarama, mahaifinmu mai sayar da shanu ya dawo daga Konduga da faranti ɗaya na sola da tsohon batirin babbar mota. Ƙwan fitila biyu yake kunna mana da rediyo, amma Baba ji yake kamar ya sayi kamfanin wuta gaba ɗaya. Don gudun ɓarayi sai ya tura batirin ƙarƙashin gadon mahaifiyarmu. Babu wanda ya gaya mana cewa irin wannan batirin yana fitar da iska mai kama wuta idan yana caji.

Kun san mu da turaren wuta. Da bikin yayata ya matso, kullum da la'asar sai a rufe mata ƙofa da taga a ɗakin mahaifiyarmu, ta zauna da kaskon garwashi don ƙamshi ya kama jikinta. Wata rana ta ajiye kaskon a bakin gado tana fifita shi, tartsatsi ya tashi. Ina tsakar gida na ji ƙara kamar taya ta fashe. Ruwan batirin ya watsu a fuskarta, idonta na hagu bai ƙara gani ba har yau. An yi bikin daga baya, amma da mayafi a rabin fuska ta shiga ɗakinta.

To yanzu maigidana ya haɗa mana sola. Ya je ya ji kuɗin batirin litiyam, ya dawo yana cewa wannan sai 'yan siyasa, ya sayo tsofaffin batiran tirela. Ban ƙi ba, ni ma na gaji da zafi. Matsalar ita ce inda ya jera su: ƙarƙashin gadon mahaifiyarsa, Iya, wai ɗakinta ne ƙurya, ya fi sanyi, ɓarawo ba ya kaiwa can. Iya kuwa gara ta kwana da yunwa da ta wuni ba turare, kuma sai ta rufe ko'ina. 'Yata ƙarama ba ta rabuwa da ita, a kan wannan gadon take wasa.

Na yi wa maigida magana, ya ce na faye tsoro, mai shagon ya tabbatar masa ba abin da zai faru. Na ba shi labarin yayata, ya ce batirin da daban, na yanzu daban, alhali da idona na ga yana buɗe murfi yana ƙara musu ruwa kamar yadda Baba yake yi. Na lallaɓa wajen Iya na durƙusa na roƙe ta ta riƙa yin turaren a waje. Ta ce tun ba a haife ni ba take turare, bai taɓa cinye ta ba, in fankar da solar ke kunna mata ce ta tsone mini ido in fito fili in faɗa. Tun ranar da ƙyar take amsa gaisuwata.

Jiya yayata ta zo gaishe ta. Ta ɗaga labule, ta hango wayoyi sun fito daga ƙarƙashin gado, ga kasko yana hayaƙi. Ba ta shiga ba. Ta dafe idonta, ta miƙa hannu ta kama 'yata ta jawo ta waje, ta ce da ni, "Ke da kike da ido biyu, me kike jira?"

Shin in kira mai gyara ya fitar da batiran lokacin da maigida ba ya nan, in ɗauki duk abin da zai biyo baya? Ko in hana yarinya ɗakin kakarta, in bar tsohuwa ita kaɗai a kan gadon? Akwai batiri mai sauƙin kuɗi da ba ya fitar da wannan iskar? Ku taimaka ku amsa da wuri, la'asar ta kusa, na ji Iya tana neman garwashi.