Yumɓun Rijiyar Gindin Gawo

Isa,
5 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Babana, Malam Maliki mai ginan rijiya, Tozai.

Assalamu alaikum. Baba, kafin komai ina neman gafararka da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Na san ba a yin haka a gidanmu. Ni ce ɗiyarka ta fari, ban taɓa yi maka maganar da ta wuce gaisuwa ba, kai ma ba ka kama sunana, sai dai ka ce "ɗiyar Hajjo" tun da kakata Hajjo ta ɗauke ni yaye. Da ina da wanda zai faɗi wannan magana daidai, da na aike shi. Na yi rubutun manya-manya don ka karanta da kanka.

Ina fatan kana lafiya, da Inna da ƙannena. Yaya gwiwar Hajjo? Ni lafiyata lau, sai zafi.

Ranar da za ni dawo makaranta ina surfe a tsakar gida, na jiyo ku a zaure kai da Injiniya Zainulabidin, mutumin kamfanin da zai buɗe ramin farar ƙasa yamma da gonarmu. Ba laɓe na yi ba, muryarka ce ta tashi. Shi yana so bangon ramin ya kwanta baya, a yanka shi hawa-hawa kamar matakala. Kai ka ce hakan zai ci taki ashirin daga gonar da mahaifinka ya bari, kuma rijiya goma sha tara ka gina daga Tozai zuwa Tsamaye, duk a tsaye cak, ba wadda ta rufta. Daga baya ya yarda a miƙar da bangon gefen gonarmu, tunda ramukan gwaji uku da injinsa ya huda duk ƙasa mai ƙarfi suka nuna. Na kuma ji kai ne za ka shugabanci mutum goma sha biyu da za su yi aiki a gindin bangon.

Baba, a makon jiya Malama Safiyatu, mai koya mana labarin ƙasa, ta shigo aji da daro cike da jiƙaƙƙen yashi. Ta huda rami da gwangwani, ya tsaya kamar rijiya. Ta yanka dogon bango da rula, ya zube. Ta ce rami zagayayye kowane gefe yana tokare da ɗan'uwansa, amma dogon bango ba shi da abin jingina. Sannan ta shafa yumɓu a faranti, ta ɗora yashi, ta zuba ruwa, ta ɗan karkata shi. Duka ya sulale ya zube a kan takalminta. 'Yan aji suka yi ta dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba.

Na tuna rijiyar gindin gawo da ka gina a bakin gonarmu ina 'yar shekara tara. Na kawo fura, na tarar kana gaya wa Kawu Is'haƙa cewa ka ci karo da wani yumɓu mai santsi kamar sabulu, mai tsatsar ruwa da damina. Ka ce ta gefen gabas ya fito a zurfin gaba uku da rabi, ta gefen yamma sai a gaba huɗu. Ke nan a karkace yake, kuma yamma ya nufa, inda za a buɗe ramin. Injiniya can nesa ya yi hudarsa, kuma da bazara. Bai san da wannan yumɓu ba. Kai kaɗai ka taɓa shi da hannunka.

Ba gyara maka aiki nake yi ba, wace ce ni? Roƙona ka gaya masa. Na san idan ya ji, abin da zai ci daga gonar zai wuce taki ashirin. Na san abin da nake roƙo ke nan.

A gaishe da Inna da Hajjo.

Ɗiyarka,
Sadiƙa.


Isa,
26 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina fatan kowa lafiya. An ce an yi ruwan farko a wajenku har an fara shuka gero. Allah ya sa albarka.

Kawu Is'haƙa ya biyo da babur zai wuce Burkusuma da kaya. Ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu, ka koma gindin gawo ka daɗe kana karantawa, ka ninke ta ka sa a hula. Ya ce ramin ya kai tsayin mutum uku, bangon gabas a miƙe, har mutane na zuwa kallon kyan yankanka.

Idan na ɓata maka rai, ka yafe mini. Na ƙudura ba za ni ƙara ba. Amma shekaranjiya da hadari ya haɗo muna cikin aji, 'yan ajinmu suna murna, ni na kasa rubuta ko layi ɗaya a gwajin lissafi. Tsayin mutum uku ya kusa gaba uku, Baba. Saura kaɗan.

Ga wani abu cikin ƙullin da Kawu zai ba ka. Wataƙila ka manta. Ranar nan a bakin rijiya, da ka fito jikinka duk laka, ka ajiye curin yumɓun a kan dutse, ba ka dube ni ba, ka ce wa Kawu, "A ba ɗiyar Hajjo ta gina tukunya." Na gina 'yar tukunya, ban gasa ta ba, na shanya kawai. Shekara bakwai tana cikin akwatina, ko Inna ba ta san na taho da ita makaranta ba. Shi ne abu na farko da ka taɓa ba ni ni kaɗai.

In maganar ta yi maka nauyi a baki, ba sai ka ce komai ba. Ka sa tukunyar a ruwa a gaban Injiniya, ka bar shi ya taɓa. Na san narkewa za ta yi. Na yarda.

Gona ta kakanni ce, na sani, kuma ina sonta. Amma in an tashi daga aiki da la'asar, kai Inna take jira da ruwan wanka, ba gona ba.

Ɗiyarka mai neman gafara,
Sadiƙa.


Isa,
16 ga Yuni, 2024.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna da Hajjo da ƙannena. Yaya damina? Alhamdu lillahi, saƙonka ya iso.

Kawu ya ba ni labari a bakin ƙofar makaranta, bai ko kashe babur ba. Ya ce ba ka sa tukunyar a ruwa ba. Igiya ka ɗauko, ka ce wa Injiniya in yana son sanin ƙasar Tozai ya cire takalmi. Ya ce kun zura shi cikin rijiyar gindin gawo yana ta salati, hularsa ta kwano tana bugun bango, Kawu yana ce masa, "Riƙe da kyau, Injiniya, boko ba ya hana faɗuwa." Da ya kai gaba uku da rabi ya sa yatsa, yatsan ya nutse. Ya fito ya hana kowa komawa gindin bangon, ya sa aka dawo da injin huda, ya zauna ya sake zane.

Kawu ya ce taki talatin da biyar aka ɗiba, kuma kai da kanka ka riƙe igiyar awo, ka tuge geron da ya riga ya tsiro a wurin. Ya ce ranar ba ka ci tuwo ba. Da na ji haka na shiga bayan aji na yi kuka. Ban san ta yaya za ni ba ka haƙuri ba. Ya kuma ce bayan ruwan Alhamis wata tsaga ta buɗe a saman tsohon bangon, har sanda tana shigewa, kuma ba kowa a ƙasa. Na yi nafila raka'a biyu.

Na kwance ƙullin da ka aiko. Tukunyata ce, amma ta yi ja, ta yi tauri, in na ƙwanƙwasa tana ƙara. Kawu ya ce ka kai ta wajen masu ginin tukwane ka tsaya har aka gasa ta. Yanzu ko ruwa na zuba mata ba abin da zai same ta.

Sai takardar da ka naɗe ta da ita. Na juya ta gaba da baya ina neman wasiƙa, babu. Kalma ɗaya ce a kai da fensir, harafin farko ya fi sauran girma, alamar an danna da ƙarfi: Sadiƙa. Ban taɓa jin sa a bakinka ba. Ba na roƙon ka faɗa, na san al'adarmu, kuma in na zo hutu daga nesa za ni durƙusa in gaishe ka kamar kullum. Na sa takardar cikin tukunyar na rufe.

Malama Safiyatu ta ce sati mai zuwa za mu fara darasin ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Akwai abubuwan da littafinmu bai faɗa ba, kamar yadda kake gane inda ruwa yake tun ba ka sa diga ba. Ba ni da wanda za ni tambaya sai kai. In ba zai yi maka nauyi ba, Baba, ka ba ni izini in sake rubuto maka. Ba sai ka amsa da takarda ba. Ka ce wa Kawu ya gaya wa ɗiyar Hajjo "to", ya ishe ni.

Ɗiyarka,
Sadiƙa Maliki.